Yaushi da laushi: amsa ga wata mai girki a Agege

Wata baiwar Allah daga Agege, mai yi wa wasu 'yan ƙasar Sin girki a Ikeja, ta aiko da tambaya. Ta ce akwai wani ganye da uwar ɗakinta ke saya, bok choy, mai farin kara da koren ganye. Shin yana da suna a Hausa? Kuma in ta ce ya yi laushi a firij, ta faɗi daidai?

'Yar'uwa, ba shi da sunan gado, don ba shukar ƙasarmu ba ne. A bakin mutanen Kanton da ke kudancin Sin, sunan na nufin farin ganye. Ɗan'uwan kabeji ne, saboda haka in kin ce kabejin Sin kin fita. Shi kansa kabeji da latas ai aro muka yi, har suka zama 'yan gida. Kada dai ki kira shi alayyafo, dangi daban ne.

Batun laushi kuwa, nan ne aka yi tuntuɓe. Laushi abin so ne, shi ake nema a tukunya. Yaushi kuma ciwo ne: ruwan jikin ganye ya tsere, ya langaɓe, kamar rama da ta wuni a rana a kasuwar Mile 12. Abin da kika gani a firij yaushi ne. Na kan ji matasan Legas suna cakuɗa kalmomin biyu, kuma ba na jin daɗi, domin harafi guda ne ya raba gwaninta da asara.

Maganinsa, kada ki wanke shi sai za ki dafa. Ki naɗe a busasshen ƙyalle, ki sa a leda ba tare da ɗaurewa ba, ki cinye cikin kwana 3 zuwa 5, in wuta ta yi mutunci. In za ki dafa, ki tsaga gindin, can yashi ke ɓuya. Ki fara jefa karan a mai mai zafi da tafarnuwa da citta, ganyen ya biyo baya, minti biyu ki sauke.

Kin kuma tambayi ko karin maganar nan, “baƙo raɓa ne”, ta dace da shi. Asalinta kan mutum ne: baƙo ba ya daɗewa, a kyautata masa kafin ya wuce. Amma a wasa ta zauna daram, tunda ganyen nan ma baƙo ne, kuma ba ya daɗewa. Mutanen Kanton ma kan sulala shi su shanya don miya, sai dai a damshin Legas fumfuna zai riga ki.