Ka je bikin, amma ka kalli uban amarya

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan La'asar, na sa ƙanwarka ta karanta mini sau biyu. Wai abokin karatunka a Bangalor ta ƙasar Indiya ya gayyace ka bikin yayarsa, ka ji ubansu ya sayar da gona don ya saya wa ango mota, shi ne kake tambaya ko ka fito fili ka gaya masa wannan al'ada zalunci ce, ko kuwa ka ƙi zuwa gaba ɗaya. Na yi murmushi, wata takwas kacal a ƙasar mutane har ka fara shirin gyara musu aure. Amma da na kwanta sai barci ya ƙi zuwa, domin ka tuno mini wani dare da na daɗe ina so in manta.

Ka san ni ma na ci gurasar ƙasar nan. A Aligar na yi karatu, garin maƙeran kwaɗo, a jihar Uttar Pradesh. A hunturun 1981 wanda muke ɗaki ɗaya da shi ya ja ni ƙauyensu auren ƙanwarsa. Musulmi ne, gidan salla da azumi, don kada ka ɗauka abin na Hindu ne kaɗai. Kuɗi da kayan da gidan amarya ke ba ango, su suna ce masa jahez, Hindu kuma dahej. Mun shiga keken doki tsakanin gonakin alkama, ga hazo, ga sanyin da ban taɓa jin irinsa ba ko a Jos. Tun safe ake dafa shinkafa da nama a manyan tukwanen tagulla. An jera kayan a tsakar gida kowa na gani: gado, keken ɗinki, rediyo, agogon hannu, kwanuka har da cokula, wani dattijo na rubutawa a takarda ɗaya bayan ɗaya.

Bayan Isha tawagar ango ta iso da kaɗe-kaɗe da fitilu. Aka shimfiɗa musu abinci, ba wanda ya miƙa hannu. Ashe an yi musu alkawarin babur ƙirar Bajaj, irin wanda muke kira Basfa, kuma a zamanin sai mutum ya yi rajista ya jira shekaru kafin layi ya zo kansa. Uban yarinyar ya yi rajista tun tana ƙarama, babur bai fito ba. Ina tsaye ina kallo, tsohon nan mai furfura ya kwance rawaninsa ya ajiye a gaban ƙafar uban ango. Ɗana, har yau in na rufe ido ina ganin kansa a buɗe cikin sanyin nan, ƙeyarsa na rawa. Shinkafa ta huce. Mata suka yi tsit a bayan labule. Sai wajen tsakar dare aka taso wani mai ba da bashi, aka jinginar masa da gona, aka ƙirga kuɗin babur a hannu, sannan liman ya ɗaura aure. Sadakin da shari'a ta wajabta wa ango kuwa, a takarda aka rubuta shi ajalan, ko rufi ɗaya, wato kuɗin ƙasarsu, ban ga an miƙa ba.

Jinina ya tafasa kamar yadda naka ke tafasa yanzu. A hanyar dawowa na buɗe baki zan yi wa'azi, abokina ya dube ni ya ce yana da sauran ƙanne mata biyu, kuma hanya ɗaya da za a fanso gonar ita ce shi ma ya karɓa ranar nasa auren. Na yi shiru har Aligar. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yakan ce baƙo ido gare shi amma ba ya gani, sai ya kwana ya tashi. Ranar na gane maganarsa.

Kada ka zaci hukumarsu ba ta san da abin ba. Tun 1961 majalisa ta haramta bayarwa da karɓa. A 1983 da 1986, bayan mata sun yi ta zanga-zanga a Delhi kan amaren da ake ƙonawa a ce rishon girki ne ya fashe, aka ƙara tsaurara doka. Duk da haka alƙaluman gwamnatinsu na nuna mata fiye da 6,000 ke mutuwa kowace shekara a kan wannan rigima. Mu a lokacin mun ɗauka boko da arziki za su kashe al'adar. Sai ga shi da Manmohan Singh, ministan kuɗinsu na lokacin, ya buɗe kasuwar ƙasar a 1991, kuɗi suka shigo, Bangalor ɗin da kake zaune ta cika da kamfanonin kwamfuta, farashin ango ne ya tashi. Injiniya da kuɗinsa, likita da nasa, babban ma'aikacin gwamnati ya fi kowa tsada. Babur ya koma mota, mota ta koma gida. Na'urar duba ciki da aka kawo don lafiya, da ita aka riƙa gano 'ya mace ana zubarwa, har sai da aka hana faɗin jinsin jariri a 1994. Ƙidayar 2011 ta samu yara mata 919 ne a kan kowane maza 1,000.

To ga abin da ya fi damuna. Kakarka takan ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da aka kai uwarka ɗaki, gado ne da tabarma da jeren kwano da tasa, gara kuma daidai ƙarfin gida. Yau fa? Bara a unguwarmu wani malamin makaranta ya ci bashin da zai shekara uku yana biya don kujeru da firji da kayan kicin, saboda tsoron kada dangin miji su zo ganin ɗaki su taɓe baki. Ku samarin yanzu kuna kuka da lefe, amma ban taɓa jin ɗayanku ya ce wa surukinsa ya rage kayan ɗaki ba. Alhali an karantar da mu cewa auren da ya fi albarka shi ne wanda ya fi sauƙin ɗawainiya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake yi.

Bikin dai ka je. Ka sa kaftaninka da hula, ka gaida manya da hannu biyu, ka ci abin da ya halatta. In za ka ba da gudummawar kuɗi, ka ɗora rufi ɗaya a kai, 501 ko 1,001, haka suke yi. Sa'ad da kowa ke ɗaukar hoton motar, kai ka nemi inda uban amarya yake zaune ka gaishe shi da kyau. In kun dawo ka tambayi abokin naka ƙanne mata nawa suka rage masa, ka rubuto mini abin da ya ce.