Abin da ya sa hanyoyin reshen Kakuri suka ɓace

Ɗana, na karanta saƙonka bayan sallar isha'i, kuma na ji daɗin yadda ka faɗi abin da ka yi ba tare da ɓoye komai ba. Ka ce an ba ka aikin ɓoye wa rautar reshen Kakuri, wato na'urar da ke zaɓa wa bayanai hanyar da za su bi tsakanin kwamfutoci, hanyoyin sashen kuɗi guda huɗu, daga 172.16.8.0 zuwa 172.16.11.0, sai ka rubuta jerin izini mai layi ɗaya, access-list 10 deny 172.16.8.0 255.255.252.0, ka ɗaura shi a ƙarƙashin EIGRP, tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da shi, da umarnin distribute-list 10 out, kafin ka ankara duk hanyoyin da reshen yake koya daga babban ofis suka ɓace daga teburinsa. Kana so ka san inda ka kauce. Kuskure biyu ka yi, kuma na biyun ne ya rufe na farkon har ba ka gan shi ba.

Na farko, ka sa sabnet mask, wato 255.255.252.0 ɗin nan da ke nuna girman rukunin adireshi, a gurbin wayilkad, lambar da jerin izini ke bukata bayan adireshi, alhali ma'anarsu a juye take. A cikin wayilkad, duk inda ka ga 0 kana gaya wa rauta ta tsaya ta duba wannan bit ɗin, wato gurbin sifili ko ɗaya a cikin adireshi, sai ya dace, duk inda ka ga 1 kuma kana ce mata ta kawar da kai. Ka ɗauki takarda ka rubuta lamba ta uku ta adireshin nan huɗu da sifili da ɗaya: 8 ita ce 00001000, 9 ita ce 00001001, 10 ita ce 00001010, 11 kuma 00001011. Idan ka jera su wani a ƙarƙashin wani za ka ga shida na farko ba sa motsi, biyun ƙarshe kaɗai ke canzawa, don haka abin da za a kawar da kai daga gare shi shi ne 00000011, wato 3. Wayilkad ɗin da kake bukata ke nan 0.0.3.255. Akwai gajeriyar hanya, ita ce ka cire sabnet mask daga 255.255.255.255, amma ina so ka fara sabawa da takarda tukuna, domin wanda ya haddace gajeriyar hanya kaɗai shi ne yake rubuta 172.16.10.0 0.0.3.255 yana zaton ya kama daga 10 zuwa 13, bai san cewa rukunin huɗu dole ya fara daga lambar da huɗu ke raba ta ba, kuma IOS, manhajar da ke tafiyar da rautar Cisco, za ta mayar masa da shi 172.16.8.0 ba tare da ta yi masa magana ba.

Abin da ka rubuta kuwa ya gaya wa rautar ta manta da lambobi biyu na farko gaba ɗaya, ta hana duk hanyar da lambarta ta uku huɗu ke raba ta, ta ƙarshe kuma sifili. Da ka buga show access-lists za ka tarar adireshin ya koma 0.0.0.0, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ka dakata.

Na biyu shi ne wanda ya kashe reshen. Kowane jerin izini yana da hani a ƙarshensa wanda ba ya bayyana a allo, kuma duk abin da bai dace da wani layi ba, wannan hanin yake faɗawa. Kai ka rubuta layin hani guda ɗaya ka tsaya, ka ga babu hanyar da aka ba izinin fita ke nan. Ka ƙara access-list 10 permit any a ƙasa, kuma ka tuna daga sama ake karantawa, layin da ya fara dacewa shi ke yanke hukunci.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ya fi damuna. Tace labarin hanya daban yake da tare fakiti, wato ƙunshin bayanan da ke bin hanyar. Idan rautar Kakuri tana da hanyar da take tura duk abin da ba ta sani ba zuwa babban ofis, to ko ka ɓoye mata hanyoyin nan huɗu, fakitin ma'aikacin reshe zai iso babban ofis, rautar can kuma ta san inda sashen kuɗi yake. Idan tsaro masu ofishin suke nufi, sai ka ɗaura jerin izini a bakin ƙofar rauta da ip access-group. Ka koma ka tambaye su wanne suke so kafin ka taɓa komai.

Ka kuma sani cewa jerin izini na lamba 1 zuwa 99 adireshi kawai yake dubawa, ba ruwansa da tsawon mask, saboda haka ba ya bambanta 10.20.0.0/16 da 10.20.0.0/24. Ranar da kake bukatar wannan bambancin, prefix-list za ka nema. Da a ce OSPF kuke amfani da shi a madadin EIGRP, da wannan dabarar ba ta yi maka aiki haka ba, domin a cikin yanki ɗaya kowace rauta dole ta riƙe taswira iri ɗaya da ta sauran, kuma distribute-list in tana hana hanya shiga teburin rautar da ka rubuta shi a kanta ne kawai, labarin yana ci gaba da wucewa zuwa maƙwabta.

Ni ma na taɓa yanke kaina daga wata rauta a Zariya ina zaune a nan Kaduna, sai da na je Kawo na hau mota da shuɗiyar wayar konsol, wadda ake haɗa kwamfuta da rauta kai tsaye da ita, a cikin jakata domin gyaran layi ɗaya. Tun daga ranar, kafin na taɓa jerin izini a rauta mai nisa sai na buga reload in 10, ba na adana canjin sai na tabbatar da shi, in ya so idan na toshe kaina ta sake tashi da tsohon tsarinta bayan minti goma. Gobe ka yi haka, ka kwafe abin da show ip route ya nuna a Kakuri kafin gyara da bayan gyara, ka kawo mini duka biyun mu duba tare. Hanyoyin sashen kuɗi huɗun nan kaɗai ya kamata mu ga babu su a teburin bayan gyara.