Shin gidajen rediyo na haɗa kai wajen ƙera manhajar AI?

Malam, ka tambaya ko gidajen watsa labarai suna haɗuwa su ƙera kayan AI (wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta) tare ko kowa tasa ta fisshe shi. Suna haɗuwa sosai. An yi wani shiri mai suna GoURMET da aka fara a 2019 da kuɗin Tarayyar Turai, BBC da DW ne suka haɗu da jami'o'in Edinburgh da Amsterdam da Alicante suka gina injin fassara na harsunan da ba su da rubutu da yawa a intanet, kuma Hausa na ciki, wallahi wannan ya min daɗi.

Yadda abin yake, gidajen rediyon su ne ke da tarin labarai da 'yan jarida masu jin harshen, jami'o'in kuma su ke da masana da manyan kwamfutoci, sai injin ya fassara edita ya duba ya ce nan ka yi daidai nan ka kwafsa, a koma a gyara. Da wuya gida ɗaya ya iya wannan kashe kuɗin.

Ni dai a ganina kar a saki fassarar inji a iska sai mutum ya karanta, musamman sunayen mutane da karin magana, nan yake yawan tafka kuskure.