Amsar tambaya kan jirgin Mako

Assalamu alaikum jama'a. Malam, kai da ka turo hoton Mako kana tambayar wace ƙasa ce ke amfani da shi, to babu ko ɗaya. Ba a ƙera shi ba sam. Abin da ke hoton nan samfuri ne na nuni, irin wanda ake girkewa a wajen baje kolin jirage: ga fukafukai, ga kujerar matuƙi, fenti sai ƙyalli, amma ko taku ɗaya bai taɓa barin ƙasa ba.

Na dai san inda ka dosa, wai yaya aikin Jamusawa zai mutu a kan takarda. Rashin mai saye ne kawai. Da farko AT-2000 ake kiransa, Jamusawa da kamfanin Aermacchi na Italiya suka faro shi, daga baya ya koma hannun EADS, kamfanin ƙera jirage na haɗin gwiwar Turai. Jirgin koyar da matuƙa ne mai inji ɗaya, zai wuce saurin sauti, kuma a iya ɗaura masa makamai. Daular Larabawa ta sa hannu kan takardar fahimtar juna a Dubai a 1999, aka yi ta murna. To amma takardar fahimta ai ba oda ba ce. Ita kanta Jamus a Texas take horar da matuƙanta, da jirgin koyo T-38 na Amurka. Mai kaya bai taya ba, wa zai taya?



Italiyawa ne abin dubawa. Sun fice daga aikin a 1994, a lokacin sun riga sun haɗa kai da kamfanin Yakovlev na Rasha kan jirgin koyo Yak-130, suka rabu a 2000, nasu M-346 ya tashi a 2004. Shi ne fa wanda Najeriya ta yi odar guda 24. Kuma a guruf ɗin nan aka tasa ni gaba, wai ba shi da gudu, wai ba jirgin yaƙi ba ne. Ba shi da gudu! Ɗalibin da ke koyon sauka gudun me yake nema? Man da zai sha da kuɗin gyara, su ake lissafawa. Mai son gudu ma Koriya ta Kudu ta riga ta tayar da nata jirgin koyon, T-50, tun 2002, Mako yana nan a zane.

Don Allah a daina turo hotunan nuni ana cewa sabon jirgi ne.