Filin Manoma: Wai Gawayi Zai Iya Maye Gurbin Takin Zamani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a yankin Ɗambatta, gonata jigawa ce, bana ko rabin masarar da na saba samu ban samu ba, ga taki ya yi tsadar da sai dai mutum ya riƙa sayen kwano-kwano. To ɗana da yake karatun aikin gona ya zo hutu ya dame ni wai mu zuba gawayi a gona, wai bayocha ake ce masa, zai raba mu da sayen taki. Ni dai gawayi a murhu na san shi da wajen mai tsire da maƙera. Dan Allah gaskiya ne ko surutun 'yan boko ne?
Manomi daga Ɗambatta

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya sa damina mai zuwa ta fi wannan albarka. Maganar ɗanka akwai gaskiya a cikinta sosai, sai dai ya ɗan zarce a wuri ɗaya. Gawayi ba taki ba ne, rumbun ajiyar taki ne, in ka zuba shi tsurarsa a jigawa ka zauna jiran masara to wallahi za ka iya ganin ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa a shekarar farko ka ce yaron nan ya cuce ka.

Ga yadda abin yake. In ka ɗauki gawayi ka karya ka duba da kyau za ka ga duk ƙofofi ne ƙanana kamar soso. Matsalar jigawa kuwa ka fi ni saninta, ba ta riƙe komai, ka zuba yuriya yau a yi ruwa mai ƙarfi gobe shikenan ta wanke ta yi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa, kuɗinka sun bi ruwa. To waɗannan ƙofofin su ne suke riƙe laima da sinadarin taki su riƙa sakar wa shuka kaɗan-kaɗan, kuma ƙananan halittun da ido ba ya gani masu gyara ƙasa suna samun mafaka a ciki. Sannan yawancin gawayi yana rage tsamin ƙasa, ita kuwa gonar da aka shekara da shekaru ana zuba mata yuriya ba takin gida tsami take yi a hankali. Takin dabbobi shekara ɗaya biyu ya ruɓe ya ƙare saboda zafinmu da gara, amma gawayi yana iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru a cikin ƙasa bai narke ba.

Kuma Baba abin ba baƙo ba ne a wajenmu in ka tuna. Me ya sa dawa take yin baƙi-ƙirin a kufai? Me ya sa manoman kewayen Kano tun kaka da kakanni suke ɗaukar takin bola a mangala su kai gona da rani? Toka ce da ɓurɓushin gawayin murhu da kashin awaki da shara suka haɗu suka daɗe tare. A dajin Amazon na ƙasar Brazil akwai irin wannan baƙar ƙasa da ake kira terra preta, mutanen da suka zauna a wurin ɗaruruwan shekaru da suka wuce su suka samar da ita da gawayi da sharar gida, har yau ta fi ƙasar da ke kewaye da ita albarka nesa ba kusa ba. Daga binciken wannan baƙar ƙasar ne ma masana suka farfaɗo da maganar bayocha, daga baya aka gano irinta a ƙauyukan Laberiya da Ghana. Wani nazari da aka fitar a 2017 wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa ya nuna a ƙasashe masu zafi amfanin gona yana ƙaruwa da kusan kashi 25 cikin 100 a matsakaici, amma a ƙasashe masu sanyi da ƙasarsu take da ƙarfi dama kusan ba a ga bambanci ba. Kaga ke nan irin gonarka ce ta fi buƙatarsa.

Yadda za ku yi shi: ku haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi kamar mazurari, faɗin bakin ya kai mita ɗaya da rabi, zurfin ya kusa ƙugu. Ku hura wuta a ciki da ƙirare, in ta kama sai ku shimfiɗa busasshiyar totuwar masara ko karan auduga ko reshen da aka sassabe, ba mai yawa ba. Da zarar kun ga farar toka ta fara bayyana a saman abin da ke ci, ku ƙara wani shimfiɗin a kai. Haka za ku yi ta yi har rami ya cika. Harshen wutar da ke sama shi yake cinye iska ya hana na ƙasa zama toka, shi ya sa in ana yi daidai hayaƙin kaɗan ne. Wata cibiya a Suwizalan mai suna Ithaka ita ta yayata wannan dabara a 2014 da sunan Kon-Tiki. In rami ya cika ku kashe da ruwa sosai, in ruwa na wahala ku rufe da ƙasa ku danne kar iska ta shiga sai ya huce. Gawayi mai kyau in ka karya zai yi ƙas, ba ya warin hayaƙi, baƙinsa kuma ruwa kawai yana wanke shi daga hannu. Dan Allah kar a yi ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, kar a yi kusa da darni ko rumbu, yara kuma su yi nesa.

To ga inda mutane suke kuskure. Sabon gawayi da yunwa yake fitowa, in ka kai shi gona a haka abincin shukar zai fara zuƙewa. Sai an ƙosar da shi tukuna. Ku yayyafa masa ruwa ku daka ya koma kamar girman ƙwayar masara zuwa ƙasa, ku cakuɗa da kashin awaki ko na kaji ko na shanu, ku jiƙa ku rufe ya yi sati biyu zuwa huɗu. Hanyar da ni na fi so ita ce a shimfiɗa shi a turke ƙarƙashin dabbobi, su tattake shi ya sha fitsari da kashi, warin turken ma raguwa yake yi, ranar kwashe taki sai a kwasa gaba ɗaya.

Kar ku ce za ku barbaɗe gona duka, masu bincike tan-tan suke zubawa a hekta ɗaya kuma ƙaramin manomi ba shi da wannan. A ramin shuka za ku sa, cikin tafin hannu ɗaya, irin yadda manoman Tawa a Nijar suke zuba taki a ramin tassa. Ku ware kunya goma ku sa, goma na kusa da su ku bari yadda kuka saba, takin zamani iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, da kaka ku auna da kwano. In ƙasar wani mai kanwa-kanwa ce ko gishiri shi kam ya yi a hankali don gawayi na iya ƙara mata kanwar ko gishirin.

TAMBAYA: Malam ni sana'ata turara shinkafa a Kura, ɓuntu ya yi mana yawa har ƙona shi ake yi. Zai yi wannan gawayin? Ina da ɗan lambun albasa da tumatir a bayan gida.
Wata uwa daga Kura

AMSA: Hajiya ai ke ce da arzikin a hannu. Duk lokacin da na wuce wajen injinan shinkafa na ga tsibin ɓuntu yana cin wuta a hankali kwana da kwanaki, hayaƙi yana shiga gidajen mutane, ƙarshe ya zama farar toka iska ta kwashe, raina ɓaci yake yi. Sai dai shi ɓuntu ba ya yi a ramin da na faɗa a sama don danne wutar yake yi ya kashe ta. Ki sa maƙeri ya huda miki tsohon garwa ko'ina da ƙusa, ya cire gindin, ya haɗa masa bututu a sama mai ɗan tsawo. Ki hura wuta a ƙasa ki kifa garwan a kai, sai ki tula busasshen ɓuntu ki kewaye shi har ya rufe, bututun kawai ke waje. Baƙin zai riƙa tahowa daga ciki zuwa waje, duk inda kika ga ya ɓullo ki jawo ɓuntun da bai ƙone ba daga gefe ki rufe. In kusan duka ya yi baƙi ki baje shi ki kwarara ruwa, kar ki yi ganganci a nan don in ko ɗan garwashi ya rage da safe toka za ki tarar. A fili za ki yi, ba cikin ɗaki ko rumfa ba, hayaƙinsa guba ne. Manoman Japan sun daɗe suna wannan, kuntan suke ce masa. Ba ya buƙatar daka, ki gauraya da ruɓaɓɓen taki ki sa a fangalin reno, ƙasar za ta yi laushi, tsiro ya tuge ba tare da saiwa ta tsinke ba, ban ruwa ma zai ɗan yi miki sauƙi.

TAMBAYA: Malam na ji wai Turawa suna biyan kuɗi in mutum ya binne gawayi saboda sauyin yanayi. Ta yaya gawayin da ake sare itace dominsa zai gyara yanayi?
Ɗalibi daga Maraɗi

AMSA: Ƙanena tambayarka ta yi kyau. Shuka tana zuƙar iskar kabon daga sama tana girma, in ta ruɓe ko ta ƙone ƙurmus iskar ta koma inda ta fito. In aka mai da ita gawayi aka binne, wani kaso mai yawa na kabon ɗin ya maƙale a ƙasa, tan ɗaya na gawayi mai kyau yana tsare kamar tan biyu zuwa uku na wannan iska. Shi ya sa kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya lissafa shi cikin hanyoyin janye kabon a rahotonsa na 2018, kuma akwai kamfanoni da ƙungiyoyi irin su Puro.earth da Verra da suke da ƙa'idojin tantance shi. Amma lissafin yana tafiya ne kawai in da abin da za a zubar aka yi. Wanda ya sare gawo ko kalgo don ya yi bayocha ɓarna ya yi, balle ku a Maraɗi da manoma suka sha wahalar dawo da itatuwa gonaki ta hanyar renon kututture tun shekarun 1980. Haka harawa da karan da dabbobi za su ci da rani, a bar musu abinsu. Batun kuɗin kuwa akwai shi, amma sai ta ƙungiya ko kamfani mai rajista da ake auna nauyi a ɗauki hoto a kai samfuri ɗakin gwaji, manomi ɗaya ba ya shiga shi kaɗai. Duk wanda ya zo ƙauyenku ya ce a fara biyan kuɗin fom kafin dala ta sauka, kar a ba shi ko sisi, ku tambaye shi sunan inda aka yi wa aikin rajista da lambarsa ku bincika da kanku.