Me ya sa aka kasa share hotunan cin zarafin yara daga intanet?

Malama, kin tambayi dalilin da ya hana ƙasashe haɗa kai su kawar da hotuna da bidiyon lalata da yara, alhali kowa ya yarda mugun laifi ne.

Tun daga ma'anar "yaro" ake rabuwa. Yarjejeniyar Budapest ta 2001, ta ƙasa da ƙasa kan laifukan intanet, ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, amma ta yarda ƙasar da ta so ta sauko zuwa 16. Japan ma sai a 2014 ta haramta mallakar irin waɗannan hotuna. Ga matsalar iyaka: yaron na nan, mai laifin na wata ƙasa, kwamfutar da ke ajiye hoton na ta uku. Kafin takardu su gama zagaye, an kwafa an watsa.

Dole ne kamfanonin intanet na Amurka su kai rahoto ga NCMEC, cibiyar da ke bin lamarin yaran da suka ɓace ko aka ci zarafinsu, suna kuma amfani da manhajar PhotoDNA don gane hoton da aka taɓa kamawa. Amma saƙon WhatsApp a kulle yake, kamfanin kansa ba ya ganinsa.

A Najeriya doka tana nan: sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta ɗauka, mallaka da rarrabawa. Abin da ya fi damuna shi ne rufin asiri. In mai laifin ɗan uwa ne, sai manya su zauna a yi sulhu don kada yarinya ta rasa miji, maganar ba ta kai ga 'yan sanda ko NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane. Wasu kuwa su yi ta tura bidiyon wai don iyaye su farga, ba su san turawar ma laifi ce a wannan sashe ba.