Ga mai tambaya kan aikin kula da masu buƙata ta musamman

'Yar'uwa, kin tambaya ko aikin ba da shawara ga masu naƙasa zai ciyar da ke a Kaduna. Zai ciyar, amma albashin ba na gina bene ba ne. Jami'ar Jos da ta Bayero suna koyar da ilimin masu buƙata ta musamman; ki haɗa da yaren kurame, don shi ke buɗe ƙofa. Ki san dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2019, wadda ta ware wa masu naƙasa kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Amma rarrashin iyaye ya fi takarda wuya. Na yi wata uku ina zarya Tudun Wada kafin wani uba ya bar makauniyar 'yarsa ta shiga makaranta.